Gajerar Bindiga da Maharban Ƙasar Gumel

A ƙasar Amurka akwai wata irin farauta wadda ake yi da gajerar bindiga mai faɗin baki, irin wadda ake riƙewa a hannu ba tare da an dafa ta a kafaɗa ba. Da ita suke harbin ƙananan namun daji kamar zomo, da ita kuma suke fuskantar manya waɗanda suka fi doki girma. Wannan al'ada ba ta daɗe ƙwarai ba. Cikin 1935 kamfanin Smith & Wesson ya fito da harsashin da ake kira .357 Magnum, sa'an nan ɗaya daga cikin masu kamfanin, Douglas Wesson, ya shiga daji da bindigar ya kashe manyan namu domin ya nuna wa mutane ƙarfinta. Wajen 1955 aka fito da .44 Magnum bisa ga nacin wani maharbi marubuci mai suna Elmer Keith, cikin 2003 kuma aka yi .500 Magnum, wadda faɗin harsashinta ya kai rabin inci. Kafin duk wannan, cikin ƙarni na 19, Turawan Ingila masu farautar damisa a Indiya bisa bayan giwa sukan ajiye wata ƙatuwar gajerar bindiga kusa da hannu, saboda ranar da damisar za ta hauro musu.

Wanda ya nemi irin wannan farauta a ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba zai same ta ba, ba kuwa don mutanen wurin ba su san farauta ko bindiga ba. Sun san duka biyu tun da daɗewa. Abin tambaya shi ne me ya sa doguwar bindiga ta shiga hannun maharbi, ko da yake a makare, amma gajerar ba ta taɓa shiga ba. Amsar tana cikin harshe, da tarihin yaƙi, da irin dajin, da kuma doka.

Ya kamata a fara da kalmomin, gama su ne shaida mafi tsufa. Hausa ta bambanta mutum biyu waɗanda baƙo yakan haɗa su wuri ɗaya. Akwai maharbi, wanda sana'arsa ke nan, yakan gāje ta, yakan fita shi kaɗai ko su biyu, ya kwana a dawa, ya san sawu da iska da magani. Akwai kuma ɗan farauta, wanda manomi ne ko mai wata sana'a, sai da rani bayan an kau da amfanin gona yake bin gayya da karnuka da gora da gatari. Sunan maharbi daga harbi ya fito, harbi kuwa tun asali aikin kibiya ne, kamar yadda ake cewa kunama ta harbi mutum ko jaki ya yi harbi. Da bindiga ta zo ba a ƙaga mata sabon aikatau ba, sai aka ara mata na baka. Haka kuma shugaban maharba har yanzu Sarkin Baka ake ce masa a wurare da yawa na ƙasar Hausa, ko da ya shekara talatin bai ɗana kibiya ba.

Kayan baka duka sunayensu na gida ne: baka, kibiya, kwari, tsirkiya, dafi. Kayan bindiga kuwa manyan sunayensu uku na aro ne daga Larabci. Bindiga daga bunduƙiyya take, harsashi daga kalmar da Larabawa ke kiran dalma da ita, albarushi kuma daga sunan da suke ba garin da ake ɗurawa. Wannan ya nuna ta inda abin ya fara shigowa, watau ta arewa da gabas, ta hanyar Sahara da Barno. Sunan gajerar bindiga mai juyi kuwa, libarba, daga Ingilishi aka aro shi, ashe ke nan ba ta zama abin da talaka ke gani har ya sa mata suna ba sai da ya gan ta a ƙugun Bature. Bene uku ke nan a cikin harshe, kowane da zamaninsa, maharbi kuwa ya hau na biyu ya tsaya.

Kalmar bunduƙ tana da wani labari wanda ya shafi malamai. Asalinta sunan wani ɗan itace ne mai kamar gujiya, sa'an nan aka sa wa ɗan curin yumɓu da ake harba wa tsuntsu. Malaman fiƙihu na dā sun hana cin abin da aka kashe da irin wannan curi, domin bugu yake yi, ba ya huda, hukuncinsa hukuncin abin da aka doke da sanda ya mutu. Da harsashin dalma ya bayyana sai tambaya ta taso ko shi ma haka ne. Malaman Malikiyya na baya, cikinsu har da Shaihu Dardir na Masar wanda ya rasu cikin 1786, suka rinjayar da halacci, bisa hujjar cewa dalma tana hudawa ta zubar da jini fiye da makami mai kaifi. Saboda haka maharbin ƙasar Hausa, wanda Malikiyya yake bi, bai sami wani shamaki daga addini ba sa'ad da ya ɗauki bindiga: ya yi bisimilla ya harba, in ya tarar da naman da sauran rai ya yanka. Ba shari'a ce ta jinkirta bindiga ba.

Abin da ya jinkirta ta shi ne sarauta. Ahmad ibn Fartuwa, limamin Mai Idris Aloma na Barno, ya ba da labarin 'yan bindigar Turkawa da bayin sarki waɗanda aka koya wa harbi cikin ƙarni na 16. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci bindiga tun zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, tare da wani basarake da ya zo daga Barno, amma masana da yawa ba su amince da wannan ba, don ya yi wuri ƙwarai. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ambaton shigowar bindigogi daga Nupe zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, da kuma cewa Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A duk waɗannan labarai bindiga kayan fada ce, ana danƙa ta ga bayin sarki, gama sarki ba ya son ta a hannun wanda zai iya juya masa baki. Kuma ba ta da yawa. Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello a yaƙin Gobir cikin 1826, dubban mutane, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai 50 ba.

A nan ne ƙasar Gumel take da abin faɗi nata na kanta. Masarautar ta Mangawa ce, an kafa ta wajen 1750, ta bi Barno, ba ta kuwa shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba har Turawa suka zo. Mangawa kuwa an san su da baka. Denham, wanda ya bi rundunar Shehu Laminu zuwa ƙasar Manga cikin 1823, ya yi maganar yawan 'yan bakansu da mugun dafin kibansu. Shi Denham ba jita-jita yake faɗi game da dafi ba, gama a wannan shekara ya ga yadda kiban Fulani suka watsa Larabawa masu bindiga a Musfeya, har shugabansu Bu Khullum ya mutu da dafin kibiya, shi kansa da ƙyar ya tsira. Barth ya bi ta Gumel cikin watan Maris na 1851, zamanin Ɗan Tanoma, ya tarar da gari mai cika da babbar kasuwar kanwa, ya sake biyowa a ƙarshen 1854 ya tarar rikicin gadon sarauta ya lalata shi. Shi ma da ya kwatanta mayaƙin Manga, da baka da kibiya da ɗan gatari ya kwatanta shi, a ƙasa, ba bisa doki ba.

Mutanen da suke da irin wannan makami ba su da gaggawar sauya shi. Kibiya mai dafin kwankwani ba ta bukatar ta sami makasa, ko a cinya ta kama nama ya isa, sai maharbi ya bi sawu. Ba ta da ƙara, saboda haka in an kuskure garke bai watse ba. Maƙerin ƙauye ne ke ƙera ta, dafin kuma maharbi ne ke dafa abinsa. Bindigar wancan zamani kuwa sai an ɗura mata gari ta baki, a tura da sanda, a jira ƙanƙara ta ba da wuta, in damina ce ma ta ƙi tashi. Kafin mai bindiga ya sake ɗuri, mai baka ya saki kibiya biyar ko fiye. Lalle wanda ya ce bindiga ta fi baka a 1850, a dajin Gumel, bai auna su a hannun mai neman abinci ba.

Amma Gumel ta ɗanɗani bindiga ta wata fuska, ta maƙwabcinta na arewa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya tara bindigogi masu yawa ta hanyar Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma zuba igwa a Zinder. Gumel tana tsakanin Damagaram da Kano da Haɗeja, ta sha yaƙi da hari ta kowane gefe cikin ƙarni na 19. Daga baya Rabeh ya ci Barno cikin 1893 da bindigogin da suka fi na kowa a yankin, aka kashe shi a Kusuri cikin 1900. Cikin 1903, shekarar da Kano ta faɗi, Sarkin Gumel Ahmadu ya bi Ingilishi. Duk tsawon wannan zamani, abin da talakan Gumel ya sani game da bindiga shi ne ƙararta a bayan ganuwa. Makamin mai kama mutane ce kafin ta zama ta mai kama nama.

To, ina gajerar bindiga a cikin wannan duka? Tana nan, amma a wuri ɗaya tak: cikin kayan gaisuwa. Sa'ad da Clapperton ya gai da Sarkin Musulmi Bello a Sakkwato cikin 1824, cikin kyautar da ya miƙa akwai gajerun bindigogi masu baki biyu. Barth kuma ya ba da labarin yadda ya harba libarbarsa mai harsashi shida a gaban Shaihu Bakkay a Tambutu, mutanen gari suka ɗauka yana iya yin ta harbi ba iyaka. Abin mamaki ce, abin ado, abin da sarki zai sa a ajiye masa ya riƙa nuna wa baƙi. Ba wanda ya ba maharbi ita, in ma an ba shi ba ta da amfani gare shi, ga dalili.

Garin albarushi na dā a hankali yake ci, sai ya sami dogon bututu kafin ya gama tura abin da ke gabansa. In aka gajarta bututun, rabin ƙarfin a iska yake tashi. Gajeren bututu kuma yana da wuyar saiti, kuskure kaɗan a hannu ya zama babba a nesa. Bature mai jiran damisa bisa giwa bai damu da wannan ba, don abin da zai harba yana gabansa taku biyu ko uku. Dajin Gumel kuwa fili ne na yashi da jigawa, da ƙaya da sabara jefi-jefi, ba kogi, ba duhuwa mai yawa. Barewa tana hango mutum tun daga nesa. Wannan ne ya sa maharbi yake ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe jiki, ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya matso. Mutumin da ya sha wannan wahala domin harbi ɗaya ba zai yarda da makamin da ba shi da tabbas ba.

Sa'an nan a dubi abin da ake samu. Yawancin abin da ɗan farauta ke komowa da shi ƙanana ne: zomo, gafiya, kurege, bushiya, damo, zabuwar daji, fakara, wani lokaci gada. Waɗannan kare da gora sun ishe su, in kuwa bindiga ce, wadda ke watsa ƙananan duwatsu ko gutsattsarin ƙarfe ta fi mai harsashi ɗaya. Ƙaton harsashi zai ragargaza zomo ne kawai, a rasa na miya. A farautar gayya ma, inda mutane da karnuka suke kewaye da nama ɗaya kowa yana cewa nasa ne, har a kai ga zare wuƙa 'yan tauri su shiga tsakani, kowace irin bindiga haɗari ce ga na kusa.

Game da manyan namu, Hausawa sun warware matsalar ta wata hanya wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Maharban giwa, waɗanda suka riƙa bin hauren giwa har Adamawa da ƙasashen kudu da ita cikin ƙarni na 19, ba su dogara ga dalma ba. Sukan ɗauki wani gajeren mashi mai dafi, sango, su zura shi cikin bakin doguwar bindiga su harba. Watau sun mai da bindiga baka. Ƙarfin albarushi ya huda fatar da tsirkiya ba ta iya hudawa, dafi kuma ya yi aikin da ya saba. Ba a taɓa samun wata shaida da ta fi wannan nuna yadda maharbi ya ɗauki bindiga ba: bai karɓe ta a kan sabuwar hanya ba, ya sa ta ne cikin tsohuwar. Abin lura kuma, bakin irin waɗannan bindigogi sau da yawa ya fi na .44 Magnum faɗi. Faɗin baki ba baƙon abu ba ne a nan. Gajarta ce baƙuwa.

Da zamanin Turawa ya zo, doka ta ƙarasa abin da daji ya fara. Cikin 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Burasal, wadda ta hana sayar wa mutanen Afirka bindigogi na zamani a babban yanki na nahiyar, ƙasar Hausa duk tana ciki, amma ta bar ƙofa ga tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da garinta. Wannan ita ce irin wadda aka daɗe ana ƙerawa a Birmingham da Liyej domin kasuwar bakin teku. Sai ga shi abin da aka hana talaka zamanin sarakuna ya samu zamanin Turawa, amma mafi ƙasƙancinsa kaɗai. Yaƙi ya ƙare, hanyoyi sun buɗe, maƙera kuma suka koyi yin ta da bututun ƙarfe. Ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, wasu kuma harba-ruga, sunan da ya faɗi gaskiyar halinta: in ka harba ba ka kashe ba, sai gudu.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, tare da gyare-gyaren da aka yi mata, ta raba bindigogi kashi uku. Masu ɗuri ta baki, irin su toka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da lasin riƙe su. Bindigogin harbin tsuntsu da na farauta irin na Turawa, sai da izinin Sufeto Janar. Gajerun bindigogi kuwa, har da tsofaffi masu ƙanƙara, an sa su ne cikin haramtattu, aji ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da bam, ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa. Hikimar a fili take: abin da ake iya ɓoyewa cikin riga ba don barewa aka yi shi ba. Maharbin Amurka ya ƙware da libarba ne domin dokar ƙasarsa ta bar shi ya saya, yana kuma da kuɗin da zai ƙone ɗaruruwan harsasai yana koyo a kan allo. Farautarsa wasa ce, ya zaɓi makami mai wuya da gangan domin a yaba masa. Na Gumel kuwa mai neman tuwo ne, kowane ɗuri da lissafinsa.

Abin takaici, bindiga ta iso hannun maharbi daidai lokacin da naman ke ƙarewa. Annobar shanu ta wajen 1890 ta kashe dabbobin gida da na dawa masu kofato. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, reshen Nguru wanda ya bi ta Gagarawa ya kammala cikin 1930, gyaɗa ta sami kasuwa, aka yi ta sheme daji ana mai da shi gona. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bi ta bakin Maigatari, ta bar Tumbi, tsohuwar hedkwatar Gumel, a wancan gefe, dawan arewa da maharbi ke shiga ba tambaya ya zama wata ƙasa. Gwamnati ta kafa dokar kiyaye namun daji cikin 1916, Jihar Arewa ta yi tata cikin 1963, aka keɓe Yankari cikin 1956, amma duk wannan bai mai da daji inda gona ta ci ba. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara nasu. Ba daidai ba ne a ɗora wa toka laifin ƙarewar namun dajin wannan yanki, gatari da garma sun fi ta ɓarna nesa ba kusa ba.

Da nama ya yi wuya a gida, mafarautan arewa suka shiga yin doguwar tafiya da rani, cikin mota, da karnukansu da bindigoginsu, zuwa dazuzzukan tsakiyar Nijeriya da kudu. Wasu kuma aikin ya juye musu ya zama tsaro: cikin 2014 maharba sun taimaki soja wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. A wannan zamani ne kuma kalmar 'yan bindiga, wadda dā take nufin dakarun sarki, daga baya masu buga toka ranar hawan salla, ta koma nufin ɓarayin daji masu satar mutane. Doguwar bindigar da doka ta bar wa maharbi domin ba ta ɓoyuwa, rashin ɓoyuwar tata ya zama abin da ke jawo masa zargi a inda ba a san shi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare wata mota ɗauke da mafarauta 'yan arewa masu komawa Kano domin salla, aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu.